Matakala Sittin da Huɗu

Shekara shida muna ɗaki ɗaya da Nanret a unguwar Ain Khaled da ke Doha, kuma in ka tambaye ni abin da na fi sani a jikinta, ƙafafunta ne. Kullum ta dawo daga aiki, tun kafin ta cire ɗankwali, sai ta jawo robar wanki daga ƙarƙashin gado, ta zuba ruwan ɗumi da gishiri, ta tsoma su ta yi shiru. In na yi mata magana a lokacin, "uhm" kawai zan samu. Ni Patience nake, 'yar Kagoro, a ɗakin gwajin jini nake aiki. A zaune nake wuni, shi ya sa bakina ba ya gajiya. Ita kuwa nas ce, irin waɗanda kamfani ke turawa gidajen mutane jinyar tsofaffi.

'Yar Pankshin ce. Ta yi karatu a Vom, ta yi shekara goma sha ɗaya a wani asibiti a Jos, mijinta ya rasu ya bar mata yara uku, ta kai su wurin yayarta ta taho nan. Aikin nata ba wani abin ba da labari ba ne: ki ɗaga, ki juya, ki wanke, ki shafa mai, ki ba da magani, ki rubuta a takarda, gobe ki sake. Tsofaffi bakwai ta yi jinya a Doha kafin wanda zan ba ku labarinsa. Biyar a hannunta suka cika. Ba ta taɓa kawo mini zancen ko ɗaya ɗaki ba, sai dai in ga an canza mata motar da ke ɗaukar ta da safe, in gane an yi rasuwa.

Na takwas ɗin ne ya hana mu sakat. Baba Uwais sunansa, ɗan Indiya, shekararsa saba'in da tara. Ya yi shekara arba'in a Doha yana gyaran agogo a wani ɗan shago har idanu suka gaza, sannan shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa ƙarfin ƙafar hagu. Yana zaune wurin 'yarsa, Madam Sana, a wani dogon bene a Lusail. Ita ce kafil ɗinsa, da takardunta yake zaune a ƙasar. To ga shi aikinta zai ƙare a ƙarshen shekara, za ta bi mijinta Kanada, can kuma ba su ba tsohon biza ba. Dole a mayar da shi Indiya, magana ita ce ina za a ajiye shi.

Madam Sana ta riga ta samo masa gidan kula da tsofaffi a wani babban birni, kusa da asibiti, ɗaki a ƙasa, ba hawa ba sauka. Baba ya ce sam. Gidan ubansa zai koma, a wani ƙaramin gari can saman duwatsun Himalaya, inda Jannat, matar marigayi ƙanensa, ke zaune ita kaɗai. Matsalar ita ce mota ba ta isa gidan. A bakin tsohuwar kasuwa take tsayawa, daga nan sai matakala, ta ratsa tsakiyar kasuwar ta yi sama har ƙofar gida.

"Abba, ai akwai 'yan dako," in ji Madam Sana. "Suna da kujera, minti goma sun kai ka."

Nanret ta ce ranar ta fara ganin fushin tsohon nan, har cokali ya faɗi daga hannunsa. Da ya huce, ita ya juya ya yi wa bayani, da Turancinsa mai haɗe da Larabcin kasuwa. Ya ce Turawa ne suka gina garin don su riƙa gudun zafi lokacin bazara. Sun yi coci, sun yi kulob, sun yi gidan waya da hasumiyar agogo, amma ba sa hawa da ƙafarsu. Kujera suke shiga mai dogayen sanduna biyu, mutum huɗu su ɗauka. Ubansa ɗaya ne daga cikin huɗun. Turawa suka tafi, kujerar ba ta tafi ba, masu hali na ƙasar suka gaje ta. Har mutumin ya mutu kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, ta yi baƙar kanta irin ta gwiwar raƙumi.

"Sista," ya ce, "ba zan shiga gidan mutumin nan a kan kafaɗar ɗan wani ba."

Madam Sana ita ma a gajiye take, ga ofis, ga haɗa kaya, ga uba mai taurin kai. Ta ce to ta ji. In ya iya hawa adadin matakalar nan da ƙafarsa kafin Disamba, za ta kai shi gida. In bai iya ba, khalas, shi ke nan, sai gidan tsofaffi, kuma kada ya sake tayar mata da maganar. Nanret ta tambaye shi matakala nawa ce.

"Sittin da huɗu," ya ce, ko tunani bai tsaya yi ba. "Tun ina ɗan shekara tara nake ƙirga su."

A watan Afrilu aka yi wannan magana, lokacin Baba ko taku biyar ba ya iya yi a shimfiɗaɗɗen daɓe sai an tallafe shi. Da ta gaya mini na ce, "Ke Nanret, lafiyarki kuwa? Magani aka ɗauke ki ki bayar, ba kocin 'yan tsere aka ɗauke ki ba. Ki rubuta musu ba zai iya ba, kowa ya huta." Ta ce uhm. Na san wannan uhm ɗin, ma'anarsa na ji amma ba zan yi ba.

A matakalar gudun gobara ta benen suka riƙa yi. Wanda ya san Doha ya san abin da nake nufi: siminti tsirara, ba taga, ba na'urar sanyi, a watan Yuli kamar ka sa kai cikin tukunyar tuwo. Mai gadin benen, Sayibu, mutumin Zangon Kumasi ne, shi ke buɗe musu ƙofar ya jera kujerun roba a kowane lungun hutawa. Kullum sai ya girgiza kai ya ce, "Sista, ku da tsoho nan kun fi soja wahala."

Makonnin farko ba su tsinana komai ba. Baba ya hau uku, ya kalli bango, ya ce shi ba zai wahalar da kansa a cikin rijiya ba. Rannan don ta ɗauke masa hankali ta ce, "Baba, can garinku in mutum ya kai ta shida, me zai gani?"

"Mai gyaran lema," ya ce. "Lemomi a rataye har suna taɓa kan mutum."

"To yalla, mu je wurin mai lema."

Ya kuwa je. Washegari ta zo da filastar ɗaure ciwo da biro, duk abin da ya faɗa ta rubuta ta manna a bango daidai matakalar. Ta goma sha biyu mai alewar madara, wanda ƙamshin tukunyarsa ke tarar mutum tun daga ƙasa. Ta ashirin masu mayafin ulu. Gaba kaɗan maƙerin tagulla, kurma ne, sai an taɓa shi yake juyowa. Ta talatin da biyu ɗan fili ne, nan tsohon gidan wayar Turawa yake da jan akwatinsa da famfo a gefe, daga nan ake hango rufin coci. Ta arba'in da biyar ƙofar baya ta makarantar mishan, ta hamsin ƙaramin masallaci, ta sittin da huɗu koriyar ƙofa. Haka suka riƙa cin kasuwar nan a cikin ramin siminti a Lusail, shi a gaba, ita a baya ta riƙe ɗamarar da ta ɗaura masa a ƙugu, gumi na ɗiga daga haɓarta.

Sai ga Nanret ta fara magana a ɗaki. Ƙafa a cikin ruwa, ido a rufe, ta ce, "Yau mun kai masu ulu." Ni da ko taswirar Indiya ban iya nunawa ba, na wayi gari na san wane shago ke bin wane. Wata rana ta ce mini garin yana tuna mata Jos, gidajen Turawan kuza masu jan rufi da bututun hayaƙi, da sanyin safe. Uwarta ta yi shekaru tana sayar da atamfa a babbar kasuwar Taminus kafin gobara ta cinye ta. Ta ce har yanzu za ta iya bin layin rumfunan nan a kanta ɗaya bayan ɗaya, amma babu inda za ta je ta taka su. "Shi aƙalla tasa kasuwar tana nan," ta ce.

Kada ku ɗauka abin daɗi ne. Ƙarfe biyar da rabi na safe motar kamfani ke ɗaukar ta, sai bakwai na yamma take dawowa. Gwiwoyinta suka kumbura, ta koma ɗaure su da bandeji a ƙarƙashin wandon aiki. A watan Satumba sun kai arba'in, sai ciwon ƙirji ya kwantar da Baba mako biyu. Da ya tashi, goma sha biyar ma da ƙyar. Ranar na ga Nanret tana kuka a zaune, ba sauti, hawaye kawai na sauka cikin robar. Kuma a Oktoba ne ya kamata ta tafi hutun shekara, yaranta sun ƙirga kwanaki sun gaji. Ta je ofis ta ce a ɗaga mata zuwa Janairu.

Nan kam na yi mata tas. Na ce, "Haba Nanret! 'Ya'yanki uku suna can suna jiran uwarsu, ke kina nan kina hawa bene da uban wata? In kin faɗi a matakalar nan wa zai hau da ke?" Ta ce in ta tafi wata ɗaya, wadda za a turo ba za ta shiga ramin nan ba, kuma ba laifinta ba ne, ba a cikin aikinta yake ba. Kafin ta dawo ƙafar ta sake mutuwa. Na ce to ta mutu mana, ke kika shanye ta? Kwana biyu ba mu yi wa juna magana ba, sai dai in dafa in rufe mata nata.

Ranar ashirin da shida ga Nuwamba Baba Uwais ya taka ta sittin da huɗu. Minti hamsin ya ɗauka, da hutu huɗu. Madam Sana na tsaye a sama ta ga komai da idonta, ta rungume shi, ta rungume Nanret da gumin da komai. Ta cika alkawari. Ta sayi tikiti, ta roƙi kamfani ya ba ta Nanret ta raka su, aka ba ta kwana huɗu a garin ban da na hanya.

Abin da ya faru a can, wani ta waya ta aiko mini, wani sai da ta dawo na tatsa a bakinta kaɗan-kaɗan. Daga inda jirgi ya sauke su, awa bakwai suka yi a mota suna kewaya dutse. 'Yar Pankshin guda, wadda ta tashi tana hawan dutse da tulu a ka, sau uku aka tsaya mata ta yi amai. Na yi mata dariya har na gode Allah. Suka kwana a masauki a gindin gari, da hantsi mota ta ajiye su a bakin kasuwa. Ta ce sanyin ya fi na Jos nesa ba kusa ba, ga birai suna tsere a kan rufin kwano, ga shaguna a manne da juna hagu da dama, matakalar dutse ta shige tsakaninsu ta yi kwana ta ɓace. Baba ya tsaya ya shaƙi iska, ya ce bismillah, ya ɗaga ƙafa.

Idonsa na kan ƙafafunsa yadda ta koya masa, yana ƙirgawa a fili. Ita ce mai kallon gefe. A ta shida ba ta ga mai lema ba, wani mai sayar da caja da murfin waya ta gani. Ta ce a ranta ai shekaru sun ja, wataƙila ya mutu. A ta goma sha biyu tana jiran ƙamshin madara, sai wani abu ya taɓa mata ka. Ta ɗaga ido, lemomi ne a rataye. Ta ce nan gabanta ya faɗi. Suka ci gaba, a ta ashirin da huɗu ga mai alewa yana juya tukunyarsa. Ba sai an gaya mata ba, kowane abu yana ninkin inda suka manna shi a bangon Lusail.

Na tambaye ta me ya sa ba ta tsayar da shi ba. Ta ce, "In ce masa me, Patience? Yana hawa."

Awa biyu suka yi, don iskar can sama ba ta cika ƙirji kamar ta Doha. Baba ya ce "sittin da huɗu", ya saki numfashi, ya ɗaga kai yana murmushi. Jan akwatin gidan waya ne a gabansa, da famfo a gefe. Matakala kuwa ta ci gaba da tafiya sama abinta. Can ƙololuwa wata 'yar tsohuwa cikin farin mayafi tana ɗaga musu hannu, Jannat ke nan.

Ya daɗe yana kallo. Nanret ta zaunar da shi a kan dakalin famfon. Sai ya ce, a hankali, kamar mai gaya wa kansa, "Bibbiyu nake tsallakewa." Yana yaro shi ake aika da abincin ubansa bakin kasuwa, in zai koma a guje yake hawa, tsalle ɗaya matakala biyu, tsallen yake ƙirgawa. Lambar ta zauna masa a ka. Da ya girma ya hau ya sauka ba adadi, amma wane babba ne ke ƙirga matakalar gidansu? Madam Sana rabonta da garin shekara goma sha tara. Ita kuma Nanret, wadda ke duba kwalbar magani sau uku kafin ta ba mutum, wata takwas ba ta taɓa cewa a buga wa Jannat waya a sa wani ya ƙirga ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana gyara agogo ya ba ka lamba, ba ka tunanin sake dubawa.

Kafin ka ce me, 'yan dako biyu sun iso da kujerar roba ɗaure a jikin sanduna, irin wadda suke sauko da marasa lafiya. Ba da mugunta ba, taimako suka zo yi. Baba ko kallon su bai yi ba. Madam Sana ta durƙusa a gabansa tana kuka ta ce, "Abba, ka yi naka, ka cika sittin da huɗu, kowa ya gani. Ka shiga kujerar nan, ko mu koma mota." Ya ce mota dai, in ya zama dole. Sai ta miƙe ta juyo wurin Nanret.

"Sista, ke ce nas. Ki gaya mini gaskiya, zai iya?"

'Yar na'urar auna iskar jini da ke maƙale a yatsansa ta sauko tamanin da bakwai, leɓɓansa sun fara canza launi. Nanret ta san abin da littafi ya ce, ta kuma san can sama babu motar asibiti da za ta iso. Ta ce mini ta buɗe baki da niyyar ta ce a'a.

"Yau ba zai iya ba," ta ce. "Amma wa ya ce dole sai yau?"

Mai shayin da ke filin ya ji komai, ya kuma san sunan uban Baba a bakin nasa uban. Ya ce akwai ɗaki a bayan shagonsa, da gado da murhu. Nan Baba ya kwana biyu. Jannat ta sauko da sanda, da tukwanen abinci a ƙunshe cikin tsumma, suka zauna ita da shi suna kuka suna dariya. Labari ya bi matakala ya hau, masu gidajen da ke sama suka riƙa aikowa cewa in ya iso wurinsu akwai shimfiɗa.

Da rana in ya yi barci, Madam Sana ta zauna da shi, Nanret ta fita ta ga garin da ta yi wata takwas tana hawa a bango. Ta sami maƙerin tagulla, jikan kurman ne yanzu, kuma yana ji sarai. Ta sayi mayafin ulu huɗu, uku na yara ɗaya nawa, ni da zan yafa shi a Doha ban san ranar ba. Ta haura ta wata hanya zuwa cocin, wani dattijo ya buɗe mata. Ta ce kujerun katako ne irin na tsohon cocinsu na gida sak, har warin ɗaya ne, bango cike da farantai na tagulla masu sunayen Turawa. A bayan cocin kaburbura ne da ciyawa ta rufe, da yawa na jarirai, wata shida, shekara ɗaya. Ta zauna a kan wani dutse ta yi addu'a, ta ce rabonta da zama haka ba wanda ke jiran ta har ta manta. Agogon hasumiya ya tsaya a kan huɗu saura kwata, ba wanda ta tambaya da ya san tun yaushe.

Kulob ɗin Turawan ya zama otal. Ta leƙa zauren, sai ga kujerar nan a tsakiya an goge ta tana ƙyalli, da sandunanta biyu, baƙi suna layi suna shiga ana ɗaukar su hoto. Ta matsa ta duba sandunan. Wurin da kafaɗa ke zama ya lotsa ya yi sumul. Ta ce ta sa hannu ta shafa, wani ma'aikaci ya ce mata ba a taɓawa, zama kawai ake yi. Ba ta gaya wa Baba ta gani ba.

Rana ta uku ya hau goma sha huɗu. Rana ta huɗu goma sha biyu, suka kai ƙofar makarantar mishan, matakala ta casa'in. Nan kwanakinta suka ƙare. Ta buga wa kamfani ta roƙi ƙarin mako ɗaya, aka ce akwai wata tsohuwa a West Bay da ke jiran ta ranar Lahadi. Ta koya wa Madam Sana yadda ake riƙe ɗamara, da inda za ta sa gwiwarta in ya yi baya, da lambar da in na'ura ta nuna dole a tsaya. Da ta je sallama, Baba ya riƙe hannunta ya dube ta sosai ya ce, "Sista, kin gaji." Ta ce shekara shida a Doha ba majinyacin da ya taɓa gaya mata haka. Ta sauko casa'in ɗin nan ita kaɗai.

Ta dawo ta kama aikin West Bay. Kullum da yamma saƙon Madam Sana zai shigo, lamba kawai. Casa'in da takwas. Ɗari, da hoton Baba yana salla a zaune a ƙofar masallaci. Kwana biyu shiru, ana ruwa da ƙanƙara. Ɗari da tara. Ni da na yi ta zagin abin nan, sai ga ni ina riga ta tambaya, "Yau nawa?" Ranar Alhamis aka rubuto ɗari da goma sha bakwai, saura goma sha ɗaya, yana gidan wani tela. Muka yi tsalle a ɗaki kamar yara.

Juma'a ce ranar hutunmu, ita ce kuma ranar cocinmu a nan. Wajen bakwai da rabi na safe muna shiri, ina ɗaura mata ɗankwali, wayarta ta yi ƙara. Hannunta da hoda, sai ta sa a lasifika. Madam Sana ce. Ta ce Abba ya karya, ya ce a fitar masa da kujera baranda ya sha hantsi kafin su fara, ta shiga ɗauko ɗamara, ta fito ta tarar ya cika. Muka yi salati kowa da irin nasa. Muna jin hayaniyar maza a bayanta.

"Sista," ta ce, muryarta na karyewa, "mutanen unguwa sun taru. Sun ce za su hau da shi gida a yi masa wanka a can, a ɗakin ubansa, goma sha ɗaya ce kawai. Anti Jannat ma haka take so. Ni na rasa abin da zan ce. Ke kika san shi a wannan abin. In bari?"

Nanret ta zauna a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa. Ni a raina cewa nake ki ce e mana, mutum ya yi wata takwas yana neman ƙofar nan, a bar shi ya shiga ko sau ɗaya. Har na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Madam," ta ce, "zuwa makabarta dole a ɗauke shi, wannan ba shi da zaɓi a kai. Amma gidan, ya gaya mana yadda zai shiga da yadda ba zai shiga ba. Kada ku hau da shi."

Sai muka ji Madam Sana tana magana da mazan cikin harshensu, suna gunaguni, tana maimaitawa da ƙarfi, wata tsohuwa ta fashe da kuka. Ta dawo kan wayar ta ce za a yi wankan a gidan telan, za a sauko da ruwa daga gida. Ta yi godiya ta kashe.

Nanret ba ta motsa ba. Can ta ce, "Da na ce ba zai iya ba ranar nan, da yanzu yana can birni kusa da asibiti yana shan shayi."

Na zauna kusa da ita na ce, "Shi ya zaɓa, 'yar'uwa."

"Shi ya zaɓa," ta ce, "amma ni aka tambaya."

Motar coci ta yi ta hon a ƙofar gida har ta gaji ta tafi.